Direba baƙo: abin da ya kamata ka sani kafin ka ƙetare iyaka da mota

 

Yau maganarmu bisa tuƙi ce cikin ƙasar da ba taka ba. Na san wani zai ce: mu manoma ne, ina ruwanmu da mota? To ku duba garinku. Gari nawa ne babu mai moto? Gida nawa ne ba shi da ɗa direba ko yaron mota? Akwai waɗanda sunka sai da shanu, sunka haɗa kuɗi, sunka sayi mota guda. Tana jigila, gida uku na ci daga gare ta. Ran da anka riƙe motar nan ƙetaren iyaka, gida uku ne ke shiga wahala. Shi ya sa maganar ta shafi kowa, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙa sitiyari ba.

Zan fi tsayawa bisa Nijeriya, don can ne ƙafarmu ta fi zuwa. Mutanen Maraɗi na bi ta Ɗan Isa su faɗa Jibiya da Katsina. Mutanen Damagaram na bi ta Matamai su fita Kwangwalam da Daura, ko ta Magariya su fita Babban Mutum, ko su nufi Maigatari. Mutanen Tawa na bi ta Ƙonni su shiga Illela, su wuce Sakkwato. Mutanen Gaya na da hanyar Kamba. Duk inda ka bi, Hausa za ka ji. Tuwo iri ɗaya, sallama iri ɗaya, wani ma gidan kawunshi zai sauka. Wannan shi ke ruɗin mutane. Mutum ya ga kamar bai bar gida ba. Amma daga inda ka wuce shingen duwan, dokar wata gomnati ce bisa kanka. Mai kakin da ya tsai da kai yana iya zama Bahaushe ɗan'uwanka. Littafin da yake aiki da shi ba namu ba ne.

Abu na fari: hanyar a buɗe take?

Da ba a tambayar wannan. Yanzu tilas ne. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Sai a Disamba 2020 anka buɗe Illela da Maigatari. Jibiya da Kamba sai a Afrilu 2022. Bayan canjin mulki na Yuli 2023 a Yamai, anka sake rufewa, har watan Maris na 2024. Gadar Gaya zuwa Malanbil ita ma an rufe ta a 2023, manyan motoci sunka koma bin Burkina Faso zuwa Lome. Kun ga ke nan iyaka ƙofa ce, kuma makullin ba hannunmu yake ba. Kafin ka ɗora kaya, je tasha ka tambayi shugabannin direbobi. Saurari rediyo. Tambayi wanda ya dawo jiya, ba wanda ya dawo bara ba.

Haka ma kayan da za ka ɗauka. A Oktoba 2024 gomnati ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, ban da Mali da Burkina Faso. A Mayu 2025, gab da babbar salla, ta hana fitar da bisashe. Irin wannan doka tana zuwa, tana canzawa. Ofishin duwan ne zai gaya maka wadda ke aiki ranar tafiyarka. Tambaya ba ta cin ko dala.

Takardun mutum

Mota da takardunta, mutum da nashi. Mu fara da mutum.

A 1979 ƙasashen CEDEAO sunka sa hannu bisa wata yarjejeniya. Ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga ƴar'uwarta ba da biza ba, ya zauna har kwana 90. Ran 29 ga Janairu 2025 fitar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. A ranar, CEDEAO ta ba da sanarwa. Ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga hannun mutanen ƙasashen uku, a bar su su shiga ba biza, har sai an sake wata magana. Ku riƙe wannan kalma: har sai an sake wata magana. Ma'anarta, abin na iya canzawa. Don haka kada kowa ya fita hannu sake, yana cewa ai an san ni a bakin iyaka. Wanda ya san ka ana iya canza mashi wurin aiki. Riƙe fasfo ko katin shaida wanda kwanakinshi ba su ƙare ba. In an buga maka hatimin shiga, duba shi nan take. Karanta kwana nawa anka ba ka.

Sai takardar rigakafi, wadda ake kira takarda rawaya. Ita ke nuna an yi maka allurar ciwon shawara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura guda ta isa har iyakar rayuwa. Wanda ya yi sau ɗaya, ya adana takardarshi, ya huta.

Sai permi. Can suna ce mashi lasisi. Nan akwai abu biyu. Na ɗaya, harafin da ke bisa perminka ya dace da abin da kake tuƙawa. A na moto ne. B na ƙaramar mota ne. C na babbar motar kaya ne. D na motar fasinja ne. E na mai jan tirela ne. Mai B da ya hau kamyo, a idon doka ba shi da permi ko kaɗan. In hatsari ya faru, kamfanin asurans na iya kafa hujja da wannan ya ƙi biya. Na biyu, perminmu da Faransanci yake. Ma'aikacin da ke Katsina ko Kano da Ingilishi ya yi karatu. Don haka ne anka yi permi na ƙasa da ƙasa. Ɗan littafi ne mai fassara abin da ke cikin naka. Ba ya maye gurbin na gida. Tare ake nuna su. Wanda ke shiga nesa, ko yake yawan zuwa, ya neme shi kafin ya tashi.

Takardun mota

Nan ne mutane sunka fi faɗawa rami, don haka zan daɗe kaɗan.

Kartigiris ita ce takardar haihuwar mota. A cikinta akwai sunan mai ita, lambarta, da lambar ƙarfen jikinta. Lambar ƙarfen nan doguwa ce, haruffa da lambobi a cakuɗe. An buga ta bisa jikin motar. Kai da ka iya karatu, buɗe gaban mota, riƙe takarda, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In harafi guda ya saɓa, gyara shi tun a gida. A gida kuskuren magatakarda ne. A ƙasar wani zargin sata ne.

Sai maganar suna. Yawancin motocin ƙauye an saye su hannu zuwa hannu. Kartigiris na ɗauke da sunan wani mutum da ba wanda ya san inda yake. A cikin gari ana wucewa da haka. A bakin iyaka tambaya ta fari ita ce: motar wa ce? In ba sunanka ba ne, sai ka nuna takardar izini daga mai motar, wadda hukuma ta buga wa hatimi. Ko da motar babanka ce. Ko da ta maigidanka ce da ka yi wa aiki shekara ashirin. Baki ba ya zama shaida wurin duwan.

Me ya sa ma'aikatan can ke tsananta wa mota mai lambar waje? Akwai dalili. Daga 1 ga Janairu 2017 Nijeriya ta hana shigo da motocin sayarwa ta iyakar ƙasa. Kowa ya san motoci nawa ke tsallakawa ta daji daga wajenmu. Don haka duk motar da ta shigo, ma'aikacin kwastan na tambayar kanshi: wannan baƙunci ta zo, ko sayarwa? Abin da ke raba gardama shi ne takardar shigar mota ta ɗan lokaci, wadda muke kira lese pase. A ofishin kwastan na bakin iyaka ake karɓarta. Alkawari ne ka ɗauka: na shigo da motar nan, zan fita da ita kafin rana kaza. Ranar na rubuce a jiki. In ta wuce kana ciki, motarka ta zama kayan fasa ƙwauri. In wata larura ta riƙe ka, je ofishin kwastan kafin ranar ta cika, ka nemi ƙari. Ran komowa kuma ka tsaya a rubuta cewa motar ta fita. Wasu na ƙyale wannan don sauri. Sai wata tafiyar a buɗe littafi a ga motar ba ta taɓa fita ba.

Kuma kada ka sai da motar can, ko an taya ta da tsada. Sunanka ne cikin littafi.

Yanzu asurans, wanda can suke kira inshora. Mutane da yawa na ganin shi kamar haraji ne kawai. Ba haka ba ne. Ka ɗauka ka buge yaron wani a Daura, ƙafa ta karye. Wa zai biya magani? In rai ya salwanta, wa zai biya iyalin? In kana da asurans mai aiki a ƙasar, kamfani ne ke ɗaukar nauyin. In ba ka da shi, kai ne, da gonarka, da shanun gidanku. Don wannan ne ƙasashen yankinmu sunka kafa kati mai ruwan ƙasa a birnin Kwatano, shekara ta 1982. Da Faransanci kart burun ake ce mashi. Aikinshi shi ne asurans ɗin da ka biya a gida ya bi ka ƙetaren iyaka. Tun da dangantakar ƙasashe ta canza a 2025, ga abin da ya kamata ka yi. Je wurin wanda ya sai maka da asurans. Gaya mashi sunan ƙasar da za ka. Ce ya ba ka takardar da ke rufe ka a can, ya nuna maka da yatsa inda anka rubuta. Karanta ranar farawa da ranar ƙarewa da idonka. Kuma ku yi hankali da masu sai da takarda ƙarƙashin itace. Takardar jabu na iya wuce ka shinge. Ran hatsari ba ta biyan ko tamma.

Takardar bizit ita ma ta zamo da rai. Ita ke shaida an duba birki, fitila da sauran lafiyar mota.

Shawarata: kowace takarda ka yi mata hoto biyu. Na asali cikin leda, a jikinka. Hoto ɗaya cikin mota. Ɗaya a bar shi gida wurin wanda ya iya karatu. In jaka ta ɓace, da waya za a karanto maka lambobin.

Bisa hanya

Tsofaffin direbobi da ke cikinmu sun tuna lokacin da ake canza hannu a bakin iyaka. Mu muna bin dama, irin na Faransa. Su suna bin hagu, irin na Ingila. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta komo hannun dama. Gana ta bi sahu a Agusta 1974. Yau daga Yamai har Kano, har Kumasi, hannu ɗaya ake bi. Wannan wahala ta wuce. Saura sai wanda Allah ya kai irin su Kenya ko Afirka ta Kudu, inda ake bin hagu.

Amma hannu ɗaya bai sa doka ta zama ɗaya ba. Ga babban misali. Mu an koya muna cewa a mahaɗar hanya, in babu alama, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya. Wannan ya shiga jinin direbanmu. To a Nijeriya, in ka iso shataletale, wato rompuwan, dokarsu ta ce wanda ke ciki yana zagayawa shi ke da hanya. Ta hagunka zai fito. Kai mai shiga, kai ke jira. Direbanmu ya iso, ya ga shi ne na dama, ya danna kai. Na ciki shi ma ya san shi ke da gaskiya. Kowa da dokar da ya koya, sai ƙarfe ya gamu da ƙarfe. Kuma hukunci da dokar masu gari za a yi shi. Katsina da Kano cike suke da shataletale. Rage gudu, duba hagu, bari ya wuce.

Allunan hanya yawancinsu zane ne, kuma zanen kusan ɗaya ne da namu. Mai jan baki zagaye, hani ne. Mai kusurwa uku, gargaɗi ne. Rubutun ne ke da Ingilishi. Guda huɗu sun isa ku fara da su, malam zai rubuta maku bisa allo. STOP kun san shi, tsayawa ce cak. GIVE WAY, ba da hanya. NO PARKING, ba a aje mota nan. ONE WAY, hanya ce mai tafiya gefe ɗaya. Na ƙarshen nan kada ku yi wasa da shi. A Legas, dokar 2018 ta ba kotu ikon ƙwace motar wanda ya shiga irin wannan hanya ta baya, kuma an yi gwanjon motoci da dama saboda haka. Kada ka ce ai na ga ƴan gari na bi. Ɗan gari ya san wanda zai kira. Kai wa ka sani?

Sai gudu. Littafin dokar hanya na Nijeriya ya raba shi bisa irin mota da irin hanya. Cikin gari, ƙaramar mota da motar fasinja kilomita 50 a awa. Bayan gari 80. Bisa babbar hanya mai tagwayen layi, motar gida 100, motar haya da bas 90. Tanka da tirela kuwa 45 cikin gari, 50 bayan gari, 60 bisa babbar hanya. Moto 50 ne iyakarshi. Tun 2017 ake tilasta wa motocin haya na can su sa na'urar da ke hana wuce ƙa'ida.

Bari mu yi ɗan lissafi, tunda makaranta muke. Daga Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne. Mai tafiya 80 zai yi awa biyu da minti kamar bakwai. Mai tafiya 100 zai yi awa ɗaya da minti 42. Ribar mai gudu minti 25 ce. Bai kai lokacin cin tuwo da shan shayi ba. Ga ɗaya lissafin. Mota mai gudun 80 tana cin mita 22 cikin daƙiƙa guda. Kafin ka ga akuya, ka ɗaga ƙafa, ka taka birki, ka riga ka wuce tsawon gida guda. A hanyar da ba ka sani ba, ba ka san inda rami yake ba, ba ka san inda anka yi tudun rage gudu ba. Ƙauyukan bakin hanya da yawa sun yi nasu, wasu ba fenti, ba alama.

Su wa ke tsai da mota?

A nan gida mun saba da jandarma, ɗan sanda da ɗan duwan. Can sun fi haka yawa. Akwai ƴan sanda, soja, kwastan, da ma'aikatan shige da fice. Akwai masu duba lafiyar mota, ana ce masu VIO. Akwai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda anka kafa a 1988. Mutane na ce masu ƴan rod sefti. Su ne za ka fi gamuwa da su bisa manyan hanyoyi.

Abin da suke dubawa sananne ne. Ɗamarar kujera: tun Janairu 2003 suke kama wanda bai ɗaura ba, direba da na kusa da shi. Waya a kunne kana tuƙi, laifi ne. Hular kwano ga mai moto da wanda ya ɗauko. Cikin mota suna son ganin tukunyar kashe wuta mai aiki, alamar nan mai kusurwa uku da ake ajewa in mota ta lalace, da tayar canji mai iska. Fitilu duka su kama. Gilashin gaba kada ya zamo fasasshe. Baƙin gilashi kuwa magana ce ta ƴan sanda, kuma ya fi jawo wa baƙo tambaya. In za ka iya cire ledar kafin ka tashi, cire ta.

Taya ma tana da ranar haihuwa, kuma suna karanta ta. Duba gefen taya. Za ka ga lamba huɗu cikin ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta mako na 23 cikin 2019. Hukumar FRSC na cewa taya ta tsufa bayan shekara huɗu daga ranar da anka yi ta, ko da zanenta bai cinye ba. Mu kuwa tayar gwanjo muke saye, wadda ta gama aiki a Turai. Da zafin kwaltar watan Afrilu, irinta ce ke fashewa. Wanga karatu na lamba huɗu, ko ba za ka ko'ina ba, ya kamata ka iya shi. Mai sai da taya ba zai ƙara ruɗin ka ba.

Lodi fiye da kima shi ma laifi ne. Wanda ya fi muni shi ne ɗora mutane bisa buhuna ko bisa shanu cikin babbar mota. Mun san dalili, kuɗin mota ya yi tsada. Amma ran da irin motar nan ta faɗi, ba mutum ɗaya ake binnewa ba.

Wani abu kuma da ba mu saba da shi ba. Nijeriya jiha 36 ce, kuma kowace jiha na iya yin tata dokar hanya. Kano na da hukumarta, KAROTA. A Janairu 2013 Kano ta hana ɗaukar fasinja bisa moto cikin birni. A 2021, saboda ɓarayin daji, jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana mutum uku hawa moto guda, ta hana sai da isansi cikin jarka. Ke nan abin da ya halatta a wannan gari yana iya zama laifi a na gaba. Samarinmu masu shiga da moto, ku ne wannan ya fi shafa. A tashar farko da ka isa, tambayi ƴan ƙungiyar direbobi abin da anka hana kwanan nan.

Tunda na ambaci jarka: cika tankinka, wannan haƙƙinka ne. Amma jarkoki cike da mai a bayan mota, kana nufo iyaka, sunansu fasa ƙwauri. Ana ƙwace man, wani lokaci har da motar.

In an tsai da kai, tsaya. Ka kauce gefe, ka kashe rediyo, ka yi sallama. In dare ne, kunna fitilar cikin mota. Miƙa takardar da anka tambaya, ita kaɗai. In an ce ka yi laifi, tambaya cikin ladabi wane laifi ne. Ƴan FRSC takarda suke rubutawa, kuma tarar ta banki ake biyan ta, ba hannun ma'aikaci ba. Karɓi rasit ka adana. Ba zan ɓoye maku ba, shingaye na da yawa, kuma akwai masu neman na goro, can da nan duka. Amma ku lura da abu guda. Wanda takardarshi ta mutu shi ke biya a kowane shinge, tun daga na fari har na ƙarshe, kuma ba shi da bakin magana. In ka tara abin da ya zubar a tafiya biyu, ya fi kuɗin sabunta takardar. Ga shi kuma miƙa wa ma'aikacin FRSC cin hanci laifi ne da ke cikin jerin laifuffukansu.

Dare da hatsari

Kada ku yi tafiyar dare. Shekarun nan ɓarayin daji sun addabi hanyoyi da dama a jihohin Katsina, Zamfara da Sakkwato, har da wasu ƙauyukanmu na kudancin Maraɗi. Ban da su, akwai motar da ta mutu tsakiyar hanya ba fitila, an jera mata ganye kawai. Tashi da safe. Lissafa tafiyarka yadda la'asar za ta same ka inda za ka kwana. Kuma kada wani ya ja ka hanyar daji don kauce wa shinge. Wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya ba shi da hatimi, ba shi da lese pase. In wani abu ya same shi, ba littafin da ya nuna ya shigo.

In Allah ya kawo tsautsayi, abu na fari rai ne. A taimaki wanda ya ji ciwo. Aje alama nesa da motar, gaba da baya, don kada wata ta zo ta hau. Lambar FRSC ta gaggawa 122 ce. Akwai kuma 112. Kada ka gudu. In ka ga jama'a sun taso da fushi har kana tsoron ranka, nufi ofishin ƴan sanda mafi kusa, ka kai kanka, ka faɗi abin da ya faru. Wannan daban yake da gudu. Rubuta lambar ɗayar motar. Can launin lambar ma na magana: shuɗin rubutu motar gida ce, ja ta haya ce, kore ta gomnati. Rubuta sunan wurin, da lokaci, da sunan mutum biyu da sunka gani. Ka tabbata hukuma ta rubuta rahoto, don da shi kamfanin asurans ke aiki. Sanar da kamfaninka da wuri.

Kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa bisa takardar Ingilishi da ba a fassara maka ba. Nemi wanda ka yarda da shi ya karanta maka layi bayan layi. In magana ta yi nauyi, an tsare ka ko an riƙe mota, Nijar na da ofishin jakadanci a Abuja, da ƙaramin ofishi a Kano. A manyan garuruwa kuma akwai shugabannin ƴan Nijar mazauna can. Nemi lambarsu tun kafin ka tashi. Rubuta ta bisa takarda, kada ka dogara da waya kaɗai, don waya na mutuwa. Mai kira daga gida zai fara da 234. Kai in za ka kira gida daga can, ka fara da 227.

Zama mai zuwa, duk mai mota ko moto ya zo da takardunshi nan makaranta. Wanda ɗanshi direba ne ya karɓo hoton nashi. Za mu baje su bisa tabarma, kowa ya nemo ranar ƙarewa ya karanta da ƙarfi. Wanda ke da tsohuwar taya a gida, ya kwafo muna lamba huɗun da ke gefenta.